Yadda ake raba gona da ƙuduji ba tare da maganin feshi ba

Jama'a assalamu alaikum. Wannan rubutun na manoman dawa da gero da masara ne waɗanda ƙuduji ya addaba, wasu wuta-wuta suke ce mishi, wasu gaugai, dattawa kuma suce makasar dawa, duk abu ɗaya ne. Ciyawar nan ce mai fure ruwan hoda da zaka hango gona wajen watan Satumba tayi jajir kamar lambun fulawa, alhali dawar dake ciki ko ƙugun mutum bata kai ba, ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, ga ruwa ana yi amma yabanya kamar a fari take. Abin yana min ciwo wallahi, don nasan gidajen da suka bar gonar gado saboda shi, suka ce gonar ta mutu. Gonar bata mutu ba, iri ne ya taru a cikin ƙasarta, kuma ana iya rage shi da hannu da taki da juya shuka ko mutum baida kuɗin maganin feshi ko ɗaya.

Kafin mu shiga aiki sai ka gane yanda abin nan yake rayuwa, don in baka gane ba zaka yi ta wahala a inda ba nan matsalar take ba. Ƙuduji ba kamar sauran ciyayi bane dake rigimar ruwa da taki da shukarka a gefe. Shi saiwarsa yake sokawa cikin saiwar dawa yana zuƙe ruwa da abincin da ta haɗa. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, in ka zuba a tafin hannu zaka ɗauka garin taba ne, kuma gindi ɗaya tal yana iya zubar da iri dubu 50 ko fiye, masu ƙarfi ma suna haura dubu 100. Irin nan yana kwanciya a ƙasa shekara 10 har zuwa sama da haka yana jira. Baya tsirowa don ruwa ya sauka kawai, sai ya jiƙa na kamar sati ɗaya zuwa biyu cikin ɗumi, sannan yaji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara take fitarwa, shine zai farka. In ya farka kuma kwanaki kaɗan gare shi, in bai samu saiwar da zai kama a kusa dashi sosai ba mutuwa zaiyi. Ka riƙe wannan maganar da kyau domin nan ne lagonsa yake.

In ya kama saiwa sai yayi wata ɗaya ko fiye a ƙarƙashin ƙasa yana sha baka ganinsa, lokacin da zai leƙo waje ya riga yayi mafi yawan ɓarnar bana. Shi yasa mutane suke karaya, su cire su cire amma dawar bata farfaɗo ba sai suce cirewa bata da amfani. Cirewar bana ai ta baɗi ce da baɗin baɗaɗa. Ko a Amurka da wani ɗan'uwansa ya ɓulla a gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a shekarun 1950, gwamnati ce ta tsaya a kai da kuɗi da injina da magani, sun rage shi ƙwarai amma sun haura shekara 60 suna bin ragowar. Toh kaga kai ma kar ka saka ran gamawa a damina ɗaya, ka ɗaura niyyar shekara uku zuwa biyar.

Matakin farko tun da kaka ake fara shi, wajen zaɓen iri. Yawancinmu mu muke kai ƙuduji sabuwar gona da hannunmu bamu sani ba. An yanke dawa an kwantar da ita a ƙasa cikin ƙudujin da ya bushe ƙwansonsa na fashewa, an ɗaure dami an kai gida, irin nan ya manne a zangarniya, baɗi a ɗebo a shuka. Don haka kafin girbi ka shiga gona da wuƙa da buhu mai tsabta, ka zaɓi zangarkun da kake so na iri tun suna tsaye a kan kara, ka yanka kai tsaye cikin buhu kar su taɓa ƙasa, ka shanya a kan tabarma ko leda ko rufin ɗaki, ka sussuke su daban. In a kasuwa zaka sayi iri toh ka tambayi daga ina yazo, in baka yarda dashi ba ka sheƙe shi sosai ka tankaɗe, ka wanke da ruwa sau biyu uku ka zubar da ruwan a rami nesa da gona sannan ka shanya a inuwa ya bushe kafin shuka. Haka karan gonar da take da ƙuduji kar a kwasa a kai wata gona mai tsabta, kuma garma da fartanya da ƙafar shanun huɗa a kakkaɓe ƙasar jikinsu kafin a tsallaka. In kana da gona biyu fara aiki a mai tsabtar, ka ƙare da mai cutar.

Na biyu, kasan inda yake. Lokacin da yayi fure ka zaga gonar ka kafa turaku ko ka jera duwatsu a gefen duk inda yayi yawa, don da rani ba zaka tuna iyakarsa ba. Zaka lura yawanci a jigawa yake, inda ƙasa ta gaji tayi fari, da wuya ka ganshi da yawa a gindin gawo ko inda Fulani suka yi mashekari ko kusa da bola. Wannan turakun su zasu nuna maka inda zaka zuba ɗan takin da kake dashi da inda zaka canza shuka.

Na uku shine taki, kuma anan nake so mu daɗe. Dawar da take jin yunwa, wadda bata samun sinadarin naitirojin da fosfaras, ita tafi fitar da wannan sinadarin dake tada ƙuduji, kamar tana kiransa ne. Wadda ta ƙoshi kaɗan take fitarwa, kuma ko ya kama ta tana da ƙarfin jurewa. Shi yasa tun kakanni suke cewa ƙuduji ciwon matacciyar gona ne. Amma akwai kuskuren da ake yi, shanu da awaki in sunyi kiwo a gonar ƙuduji bayan girbi irin yana bi ta cikinsu, wani ya fito da ransa a cikin kashi, kai kuma ka kwashi ɗanyen taki ka kai gona. Maganin wannan shine ka ruɓar da takin tukuna. Ka haƙa rami kamar zurfin ƙugu a inuwa, ka zuba kashin dabbobi, ka bi da sharar gida da ganye da ragowar harawa, ka barbaɗa toka kaɗan, ka yayyafa ruwa ya jiƙa amma kar ya yi caɓa, ka sake jera wani a kai haka haka har ya cika sai ka rufe da ƙasa ko tsohuwar tabarma. Bayan sati biyu zuwa uku ka juya shi, na ƙasa ya dawo sama, ka ƙara ruwa. In ka soka sanda ka zaro kaji ta da zafi toh aiki yana tafiya, zafin nan da damshin su suke kashe yawancin irin ciyawar dake ciki. Wata biyu zuwa uku zaka ga ya koma baƙi yana warin ƙasa.

In takin bashi da yawa kar ka watsa shi ko'ina ya ɓace, mangala biyar a eka guda in aka watsa kamar ba'a zuba komai ba. Ka bi rami rami, tafi ɗaya ko biyu a kowane gurbin shuka, ka fara da inda ka kafa turaku. 'Yan'uwanmu na Nijar wajen jihar Tawa suna da dabarar da suke kira tassa, a Burkina Faso kuma zai, da rani suke haƙa ƙananan ramuka faɗin kamar daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ka ware su ko fiye kaɗan, zurfin kusan rabin haka, su tara ƙasar a gefen gangare, su zuba taki a ciki, ruwan farko ya taru a ramin sai a shuka a ciki. Aiki ne mai cin ƙarfi gaskiya amma ƙasar da ta zama fako ma tana dawowa da shi. In kana da halin takin zamani ko ɗan kaɗan ne ka haɗa, shi ba maganin kashe ciyawa bane abinci ne, ɗan murfin kwalba na NPK a gefen gindi lokacin shuka ko bayan tsiro, sannan yuriya bayan noman firi. Kuma don Allah a bar sare gawo, in ya tsiro da kansa a gona a kewaye shi a gyara masa reshe.

Na huɗu, wanda a ganina yafi kowanne rage irin dake kwance, shine yaudararsa. Akwai shukokin da saiwarsu take fitar da sinadarin nan mai tada ƙuduji amma shi baya iya kama su, sai ya farka ya rasa abin kamawa ya mutu. Waken suya, gyaɗa, wake, auduga, riɗi, gurjiya duk suna cikin wannan sahun. Waken suya ba duka iri ne ƙarfinsu ɗaya ba, wanda malaman gona suka fi yabawa a wannan aikin shine TGx 1448-2E na cibiyar binciken noma ta IITA dake Ibadan, an yi aiki dashi sosai a ƙauyukan Kaduna da Kano da kudancin Borno. Yanda zaka yi shine ka raba gonar gida biyu ko uku. Ɓangaren da ƙuduji yafi yawa bana kar ka saka hatsi ko ƙwaya ɗaya, ka cika shi da waken suya ko gyaɗa, kuma ka shuka da kauri, layi kusa da layi, domin saiwa ta ratsa ko'ina ta tada iri da yawa. Baɗi ka matsa gaba da shi zuwa ɗaya ɓangaren. In wajen ya lalace sosai shekara biyu a jere zaka yi kafin ka dawo da dawa, misali bana waken suya baɗi gyaɗa ko auduga. Ribar biyu ce, iri ya ragu kuma dangin wake sun bar maka naitirojin a ƙasa.

Amma fa akwai sharaɗi, shekarar da ka saka waken suya dole ka tsare gonar daga gyauron dawa da gero da ciyayi dangin hatsi, domin ƙuduji yana kama wasu ciyayin daji ma, gyauro goma a cikin waken suya sun isa su raya shi ya zubar da sabon iri ya mayar da kai baya. Wannan dalilin ne ma yasa barin gona saura kawai ba tare da kulawa ba baya kashe shi yanda mutane suke zato.

Nasan wani zaice ni gonata ɗaya ce ƙarama, in ban shuka hatsi ba me iyali zasu ci. Gaskiya ne. Toh sai ka haɗa su, amma haɗin kusa, wake mai yaɗo ko gyaɗa a kan kunya ɗaya da dawar, gindin dawa gindin wake, ko layi biyu na hatsi layi huɗu na wake. Amfanin shine ganyen ya rufe ƙasa. Ƙuduji yana son rana da zafi da busasshiyar iska don da su yake jan ruwa daga jikin dawa, in ya leƙo ya tarar da inuwa da damshi baya ƙarfi, da yawa ma basa kai ga fure. Giccin wake jefi jefi da muke yi nesa da juna baya rufe ƙasa da wuri, a ƙara yawan gindi kuma kar a jinkirta shuka shi sosai.

Sai dai a kula, wake ma yana da nasa ƙudujin daban, gajere ne mai rassa da yawa a cunkushe da ƙananan fure fari-fari mai ɗan shuɗi, shi baya taɓa dawa, na dawa kuma baya taɓa wake. Akwai kuma wata mai fure rawaya dake kama wake da gyaɗa. In gonarka tana da ƙudujin waken nan mai fure fari-fari toh ka nemi iri mai jurewa irin SAMPEA 10, wanda lambarsa ta bincike IT97K-499-35, ko ka koma gyaɗa da waken suya da riɗi.

Wannan ya kawo mu na biyar, irin hatsi mai jure ƙuduji. A masara cibiyar binciken noma ta IAR dake Samaru Zariya tare da IITA sun fitar da irinsu SAMMAZ 11 da SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16. A dawa akwai SRN 39 da aka sani a Nijar da Sudan, kuma wani masani ɗan Habasha Farfesa Gebisa Ejeta ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2009 saboda aikinsa akan dawa mai jure fari da ƙuduji. Ka tambayi malamin gona na yankinku wanne ne ya dace da ruwanku, don irin da yayi kyau a Zariya ba lallai ya nuna a Daura ko Maraɗi ba. Abinda nake so ka sani kawai shine jurewa ba yana nufin ƙuduji ba zai fito ba sam, zai fito kaɗan, kuma in ka barshi zai zubar da iri. Sannan masarar nan in kana ajiye irinta ka sabunta bayan shekara biyu zuwa uku don tana gauraya da ta maƙwabta. Ko a cikin irin gargajiya ma ka sa ido, gindin da ka gani ya tsaya da ƙarfi yayi zangarniya mai kyau a tsakiyar ƙuduji, shi zaka yanka na iri.

Wata dabara da ba'a cika yi ba ita ce dashe. Ka yi ɗan fili a waje mai tsabta mai taki kusa da gida ka yafa dawa ko maiwa, in tayi kamar sati huɗu ruwa ya zauna sai ka cire ka dasa a inda ƙuduji yake. Saiwar da ta girma bata kamuwa da sauƙi kamar ta jaririn tsiro, kuma shukar ta riga ta samu ƙarfi. Dashe ba baƙon abu bane a wajenmu, masu dauro da masu masakwa a Borno da shi suke noma. Ba zaka iya dasa eka biyar ba amma wajen turakun nan zaka iya.

Na shida, cirewa da hannu, kuma duk abinda ka yi a sama in ka bar wannan ka zuba ruwa a kwando. Lokaci shine komai. In ka cire shi yana ɗan ƙarami sai ya katse ya sake tofowa daga ƙasa kayi ta maimaita aiki. In ka bari furen ya zube ƙwanso ya yi ƙwari ka makara. Daidai lokacin shine da ka ga furen farko ya buɗe, daga fure zuwa nunar iri sati biyu zuwa uku ne kawai, don haka duk kwana goma zuwa sati biyu ka zaga. Ka shiga da safe bayan an yi ruwa ƙasa na da laushi, ka kama can gindi ka tuge a hankali kar ka tumɓuke saiwar dawa. Ka riƙe buhu a hannu kana cirewa kana sakawa. Kar ka yar a kwarin kunya, kar ka tara a kan iyaka, kar ka ba dabbobi, kar ka jefa a ramin taki, domin wanda aka cire da fure yana iya ƙarasa nunar da irinsa yana kwance. Ni na taɓa tara shi a gindin bishiya a bakin gona da niyyar in dawo in ƙona, kwanaki suka wuce ban dawo ba, shekarar da ta biyo wajen nan yafi ko'ina cika. Ka haƙa rami a wajen gona, ka zuba, ka ɗora busasshen kara ka cinna wuta a ranar, in ɗanye ne ya ƙi ci ka binne shi da zurfi kamar tsawon hannu ka danne.

In gonar ta cika maƙil har ba'a san ta inda za'a fara ba, kar ka ce zaka cire duka a shekarar farko, zaka gaji ka bari. Fara da gefen da yake ɗai-ɗai ka tsare shi kar ya cika, shi kuma wajen da yayi maƙil shine zaka juya zuwa waken suya ko gyaɗa. Noman maimai da huɗar da ake tada ƙasa a rufe gindin dawa suna taimakawa wajen binne waɗanda suka leƙo, amma basa maye gurbin zagayen nan na lokacin fure.

Inda aka fi sakaci shine bayan girbi. An yanke hatsi an kai gida kowa ya huta, alhali kututturen dawa yana da sauran rai kuma ƙuduji yana kansa yana fure har cikin Oktoba da Nuwamba, mafi yawan irin da yake komawa ƙasa a wannan lokacin ne. Don haka bayan ka kwashe amfani ka sake zagawa sau ɗaya ko biyu, ka tuge ragowar, ka tumɓuke kututturen, sannan a saki dabbobi.

Abu na ƙarshe, ka yi magana da maƙwabtan gonarka. Ruwa in ya kwaranyo daga gonar sama da irin yake zuwa, dabbobi ma basu san iyaka ba, iska tana ɗan matsar dashi daga kunya zuwa kunya. Ku samu mai unguwa ko sarkin noma a saka ranar gayya a lokacin fure, yau gonar wane gobe ta wane, matasa da buhuna, rami ɗaya a ƙona gaba ɗaya, a roƙi liman ya faɗa bayan sallar Juma'a don kowa yaji. Kuma ka riƙa ƙirgawa don kasan ko kana cin gaba, ka zaɓi wuri uku a cikin turakunka, kowanne taku biyar tsawo taku biyar faɗi, ka ƙirga gindin ƙuduji nawa ne a ciki kafin ka cire, ka rubuta a takarda ko a wayarka da kwanan wata. Baɗi war haka ka koma daidai wuraren nan ka sake ƙirgawa, inda adadin bai sauka ba nan zaka kai takin rani kuma nan zaka sake saka waken suya.